Ƙwaƙwalwa ce ko Injin Niƙa? Sunayen Kayan Cikin Kwamfuta a Bakin Ɗaliban Suleja

Wani ɗalibi mai koyon aikin lantarki a nan Suleja ya taɓa tsayar da ni bayan an tashi daga aji. Yaro ne mai natsuwa, irin waɗanda ba sa ɗaga hannu a gaban jama'a sai kowa ya watse. Ya rusuna ya ce, "Malam, yau ka ce furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Jiya kuma ka ce memori ƙwaƙwalwar ajiya ce. A rediyo kuwa kwamfutar ɗungurungum ake kira na'ura mai ƙwaƙwalwa. To, ƙwaƙwalwa nawa ce a cikin akwatin nan?"

Gaskiyarsa. Kalma ɗaya muka ɗora wa kaya uku, muka sa rai yaro zai rarrabe su da kansa. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da muke ciki a lokacin ba shi da wata manufa da ta wuce wannan rarrabewar: wane ne mai aiki, ina ake ajiya, wace hanya ce ta haɗa su. Tun daga ranar na fara tattara sunayen da muke kiran waɗannan ƙananan abubuwa, a aji da rumfar gyara, ina bin asalin kowanne, don in ga wanda ke yi wa ɗalibi jagora da wanda ke ɓatar da shi.

Mutumin Suleja ba ya buƙatar a yi masa doguwar huɗuba a kan nauyin suna. Garin nan a da Abuja ake kiransa, daga sunan wanda ya kafa shi a 1828, Abubakar Ja, ƙanin Sarkin Zazzau Makau. Da aka tsayar da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sunan ya koma can, garin kuma ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Har yau wanda ya karanta a tsohon littafi cewa Ladi Kwali ta yi aikin tukwane a Abuja, in ba a fahimtar da shi ba, zai wuce Dutsen Zuma ya nufi cikin birni yana neman wurin, alhali ya baro shi a baya. Suna linzami ne, inda ya juya mutum nan yake nufa.

A rumfunan gyaran waya da ke kewayen kasuwar IBB ba za ka cika jin kalmar furosesa ba. Duk wani baƙin abu mai kusurwa huɗu da ke manne a kan fanel, wato allon lantarkin cikin waya, aisi ne. Akwai aisin caji, aisin wuta, aisin netwok. Fanel ɗin kansa wasu inji suke ce masa. Na tsaya wata rana ina kallon wani mai gyara ya kifa waya a kan tebur, ya shafa man dalma, ya kunna bulowa yana zagaya iska mai zafi a kan wani aisi da bai kai girman farce ba, har ya saki, ya ɗauke shi da hantsaki. Yaronsa ya nuna babban da ke gefe ya ce, "Oga, wannan fa?" Ya amsa masa da cewa, "Wannan kada ka taɓa shi, shi ne kan wayar." A garejin mota kuma akwatin da ke tafiyar da injin motocin zamani birenbos ake kiransa, wato akwatin ƙwaƙwalwa. Masu sayar da kwamfutar tebur su kuma akwatin ƙarfen baki ɗaya suke kira si-fi-yu, alhali a littafi wannan suna na furosesa ne kaɗai, abin da ke ɓoye a ƙarƙashin fanka a can ciki. Da waɗannan sunaye ɗalibi ke shigowa aji, ba fanko yake zuwa ba.

Na fara da na'ura mai ƙwaƙwalwa, don ita ce uwar sauran. Kalmar na'ura daga Larabci muka aro ta, kuma a can tana nufin wani ƙaton gargare na itace da ruwan kogi ke juyawa, yana ɗebo ruwa yana zubawa a magudanar da ke kai wa gonaki. Har yanzu akwai irinsu a birnin Hama na Siriya. Bahaushe ya karɓi kalmar ya faɗaɗa ta, ta rufe duk abin da ke aiki da kansa. Ƙwaƙwalwar da aka liƙa mata kuwa ba mu muka fara ba. Da aka nuna wa duniya ENIAC a Amurka a 1946, mai bututun lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000, jaridu ƙatuwar ƙwaƙwalwa suka kira ta. Shekara guda kafin nan, a 1945, John von Neumann ya rubuta rahoton da ya zayyana tsarin wata na'ura mai suna EDVAC, kuma da harshen likitoci ya yi bayani: ya kira sassan na'urar gaɓoɓi, ya kwatanta makunnan ciki da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ya kira wurin ajiya da kalmar da ke nufin tunawa, wadda muka mayar memori. Mutanen Sin ma sunan da suka fi kiran kwamfuta da shi ma'anarsa ƙwaƙwalwar lantarki. Saboda haka masu fassarar labarai da suka ba mu na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su yi laifi ba. Ga mai sauraron rediyo sunan ya yi daidai, ya nuna masa cewa wannan ba keken ɗinki ba ce.

A ajin masu koyon lantarki ne sunan ke zama cikas. Ƙwaƙwalwar mutum ita ke tunani, ita ke tunawa, duk a wuri ɗaya. Ba ka aika saƙo wani ɗaki a ɗauko maka sunan mahaifiyarka. Idan na ce wa ɗalibi furosesa ƙwaƙwalwa ce, na riga na dasa masa a rai cewa ta san abubuwa, tana riƙe da hotuna da lambobin waya da darussa. Ba ta riƙe da ko ɗaya. Abin da take iya riƙewa a hannu bai taka kara ya karya ba, kuma da an ɗauke wuta ya tafi. Ba ta san abin da za ta yi nan gaba ba sai ta aika an karanto mata umarni na gaba. Wanda ya fara da hoton ƙwaƙwalwa zai sha wahalar fahimtar dalilin da ya sa ake jan wayoyi goma sha shida daga wannan aisi zuwa wancan.

Akwai sunaye biyu da suka girmi na von Neumann da fiye da shekara ɗari, kuma a ganina sun fi dacewa da mu. Charles Babbage, wani masanin lissafi na Ingila, ya tsara wata na'urar lissafi ta ƙarafa da haƙora a wajejen 1837. Bai samu ya kammala ƙera ta ba har ya rasu a 1871, amma ya raba ta gida biyu, ya ba kowane gida suna daga masana'antun zamaninsa: ɗaya sito, inda lambobi ke zaune, ɗaya inji, inda ake kai su a sarrafa a mayar.

Wannan kowane yaro a Suleja ya san shi. Yarinya ta ɗauko masara a roba daga gida, ta kai wa mai inji a bakin layi, ta bi sahu. Mai inji ya juye, ya ja igiya, garin ya zubo, ta kwashe ta koma. Injin bai ajiye ko ƙwaya ɗaya ba. Bai san ta wane gida ce ba, bai san tuwo za a yi ko kunu ba. Ƙarfinsa kawai shi ne sauri da rashin gajiya. Kuma komai ƙarfin injin, in masu kawo niƙa suna tafiyar hawainiya, zaman banza zai yi yana ƙona mai. Duk wanda ya gane wannan ya riga ya gane rabin darasin tsarin kwamfuta.

Bari mu gwada da furosesar da har yau makarantu da yawa ke fara koyarwa da ita, Intel 8085, wadda ta fito a 1976, shekarar da aka yanke shawarar da ta raba garinmu da sunansa na farko. Tana da ƙafafu 40, tana aiki da wuta bolt 5, tana ɗaukar lamba mai gurbi takwas a lokaci guda. Shirin da ake fara bai wa ɗalibi layi huɗu ne. MVI A, 05H, wato sa biyar a hannu. ADI 03H, ƙara uku a kai. STA 2050H, kai amsar gida mai lamba kaza ka ajiye. HLT, tsaya. Ɗalibi ya danna waɗannan a kan allon gwaji, ya duba gida mai lamba 2050, ya ga 08, ya yi murmushi. A nan nake cewa ya ƙirga mini tafiye-tafiyen. Umarnin nan huɗu sun ci gida takwas a wurin ajiya, kowanne sai an je an ɗauko shi, tafiya takwas ke nan. Kai amsa ita ce ta tara. Tarawar kanta, biyar da uku, sau ɗaya tak aka yi. Tafiya tara, aiki ɗaya. Ƙwaƙwalwa ba ta yin haka, mai niƙa ne ke yi.

Wannan tafiya ita ce ta kawo mu ga kalmar bas. Ɗalibi na jin ta sai ya hango doguwar mota mai kwandasta, yana tsammanin wani abu ne ke ɗaukar lambobi yana yawo da su. Asalin kalmar daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin "na kowa da kowa", aka gutsure ta. A cikin kwamfuta wannan tsohuwar ma'anar ce ke aiki: jerin wayoyi ne da kowane sashe ke amfani da su, amma ɗaya bayan ɗaya. Titi ne, ba mota ba. A 8085 titi ɗaya mai layi 16 yana ɗaukar adireshi, shi ya sa take iya kiran gidaje 65,536, ba ƙari. Wani mai layi 8 yana ɗaukar kayan. Don ƙarancin ƙafafu ma, layuka takwas ɗin nan su ne ke fara ɗaukar rabin adireshin, sannan su dawo su ɗauki kaya, kamar ɗan acaɓa da ya fara kai saƙo sannan ya dawo ya ɗauki buhu.

Ban taɓa samun misalin da ya kai hanyarmu ta zuwa Abuja ba. Dubban mutane a Suleja suke kwana, a birni suke aiki. Da asuba kowa ya fito, a Madalla a cushe, a Zuba a cushe. Ofishin yana can a buɗe, kujera tana jira, amma ma'aikacin yana kan titi. Ko da za a ninka girman ofishin sau goma, aiki ba zai ƙaru ba matuƙar titin bai canza ba. Masana kwamfuta sun daɗe da sanin wannan ciwo. John Backus ya yi magana a kansa a 1977, ya jingina shi ga tsarin von Neumann. Maganin da aka samo shi ne abin da ake kira kash, kalmar da ta fito daga Faransanci mai nufin ɓoyewa. Ɗaliban namu da yawa kuɗin hannu suke ji, don furucin ya yi kama. Ƙaramin wurin ajiya ne mai tsada a jikin furosesa, inda ake ajiye abin da ake yawan nema, kamar ma'aikacin da ya kama ɗan ɗaki kusa da ofis yana kwana daga Litinin zuwa Juma'a, iyali da manyan kaya suna Suleja. Ni ajiyar kusa nake ce masa, kuma ban ga ɗalibin da ya sake tambaya ba.

Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce rajista. Wannan ta daɗe da zama 'yar gida a Hausa, kuma nan ne matsalar take. Rajista a wurinmu doguwar takarda ce mai sunaye: ta aji da ake kira kowace safiya, ta masu zaɓe, ta layin waya. Abu ne da ake rubutawa don ya daɗe. Rajistar furosesa kuwa kishiyar haka ce. Makunnai takwas ne a jere, suna riƙe lamba ɗaya, kuma da sabuwa ta zo tsohuwar ta shafe ba alama. 8085 tana da guda bakwai da mai shirya umarni ke aiki da su kullum, masu sunan haruffa: A, B, C, D, E, H da L. Na taɓa tambayar aji ina kwamfuta ke ajiye sunayen ɗalibai, fiye da rabi suka ce a rajista. Ba su yi wauta ba, Hausarsu suka bi. Tun daga nan nake ce musu rajista tafin hannu ce. Abin da ke tafin hannunka ba ka tafiya ɗauko shi, amma ba ka iya riƙe da yawa, kuma in za ka karɓi wani sai ka saki na farko. Lissafin ma ya nuna haka: tara lambar da ke rajistar B bugu 4 yake ci, tara wadda ke wurin ajiya bugu 7. Ita kuwa A, wadda littafi ke kira akumuleta, matara ce, don a cikinta amsa ke taruwa. Wannan sunan ya zauna daram ba tare da gardama ba.

Na ambaci bugu, dole in zo kan agogo. A nan harshenmu ya fi littafin gaskiya, sai dai mun manta. Ɗalibi ya ga an rubuta cewa furosesa tana da agogo sai ya ɗauka shi ne ke nuna ƙarfe nawa a fuskar waya. Ba shi ba ne. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne a cikin gwangwani, wanda in aka ba shi wuta yake kaɗawa a kan ƙa'ida, sau miliyoyi a sakan, kuma kowane sashe na furosesa da wannan kaɗawar yake ɗaga ƙafa. Kalmar agogo daga Yarabanci muka karɓe ta, inda asalinta ƙararrawa ce. Kalmar Turancin ma daga sunan ƙararrawa ta fito. Mu kanmu in za mu faɗi lokaci ƙarfe muke ƙirgawa, ƙarfe biyu, ƙarfe uku, wato sau nawa aka buga ƙarfen. Harsuna uku, duk bugu suke nufi. Wanda ya taɓa ganin gayya a gona ya san aikin makaɗi: ba ya noma, amma da kiɗansa fartanya hamsin ke sauka tare. In ya tsaya, layi ya wargaje. 8085 makaɗinta na buga kusan miliyan 3 a sakan. Shirin nan namu mai layi huɗu bugu 32 ya ci, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu ɗari na sakan. Wayar da ke aljihun ɗalibin tana buga sama da biliyan ɗaya. Agogo zan ci gaba da cewa, amma sai na fara tuna wa aji asalinsa.

Akwai wasu da ba su buƙatar dogon bayani. Tuta tuta ce: in amsa ta fito sifiri a ɗaga wannan, in an yi ragowar da za a ɗauka gaba a ɗaga waccan. Abin da ake kira intarof kuwa sallama ce. Kana cikin aiki aka yi sallama a zaure, ka sa alama inda ka tsaya, ka je ka amsa, ka dawo ka ɗora. 8085 tana da ƙofofin sallama biyar, huɗu ana iya share su in aiki ya yi yawa, ɗaya mai suna TRAP ba a isa a share ta ba, don ita ihun gobara ce.

To, in mun sauke wa ƙwaƙwalwa wannan kaya, me za mu sa a gurbinta? A nan nahawun Hausa ya yi mana gata. Muna da hanyar ƙera sunan abin aiki da ba ta cika rikicewa da ta sunan wuri ba. Abin aiki yana farawa da ma- ya ƙare da -i: mabuɗi, magirbi, matsefi, murfi ma ɗan uwansu ne. Wuri yana yawan ƙarewa da -a: maƙera, marina, masaƙa, makaranta. Saboda haka furosesa masarrafi ce, daga sarrafa, abin da ake juya kaya da shi daga wani hali zuwa wani. Memori kuma ma'adana, wurin adanawa. Yaron da ya ji masarrafi da ma'adana, kunnensa ya riga ya faɗa masa cewa ɗaya kayan aiki ne ɗaya wuri ne, tun kafin malami ya ɗauki alli. Abin da Babbage ya nema da inji da sito, harshenmu yana da shi a ƙarshen kalma.

Ma'adanar ma iri-iri ce, kuma makarantar allo ta ba mu misalinta. Ram allo ne: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa, sai dai shi wannan allon ɗauke wuta kaɗai ke wanke shi. Rom bugaggen littafi ne, ana karantawa ba a gogewa. Katin da ake saya a kasuwa ana ce masa memori, da ma'adanar hotuna ta cikin waya, su kuma littafin rubutu ne, suna riƙe abin da aka sa musu ko babu wuta, ana kuma iya gogewa. Mai sayen waya da aka ce masa tana da ram 4 da memori 64 yana jin lambobi biyu ne kawai. Ɗalibin lantarki ya kamata ya ji faɗin allo da kaurin littafi.

Maikuro da ke gaban sunan furosesa a littafi, wato maikurofurosesa, daga Girkanci take, ƙarami take nufi. An ƙara ta ne a lokacin da aka iya cusa masarrafi gaba ɗaya a kan ƙwayar silikon guda, abin da a da yake cin allunan lantarki da yawa. Intel 4004 ta 1971, wadda aka yi wa kamfanin Busicom na Jafan don injin lissafi, tiransisto 2,300 ke cikinta. Ɗalibai kan rikita ta da maikurokwanturola, musamman yanzu da kowa ke aikin kammala karatu da allon Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005. Aisin da ke kan Arduino Uno, ATmega328P, ya haɗa masarrafi da ma'adana da ƙofofin shiga da fita a jiki ɗaya. Mai inji ne da ya gina rumbu a cikin shagonsa. Rumbun ƙarami ne ƙwarai, allon rubutunsa bayit 2,048 kacal, amma ya isa kunna famfon ruwa ko tsaron ƙofa.

Sai babban suna, wanda ke kan jadawalin darasi: akitekca. A Hausa an fi fassara shi da tsarin gini, sai ɗalibi ya ɗauka za a nuna masa yadda aka jera aisi a kan fanel. Amma da suka yi amfani da kalmar, Gene Amdahl da Gerrit Blaauw da Fred Brooks na kamfanin IBM, a bayanin da suka yi wa System/360 a 1964, wani abu daban suke nufi: kamannin na'urar a idon mai shirya mata umarni, ban da yadda aka ƙera cikinta. Rajista nawa ce, wane umarni take ji, yaya ake kiran adireshi. Kalmarmu ita ce fasali. Gidan Bahaushe fasalinsa sananne ne, zaure a gaba, sai shigifa, sai tsakar gida da ɗakuna. A gina shi da tubali da makuba ko da bulo da siminti, baƙo ya san inda zai tsaya ya yi sallama. Haka fasalin ARM, wanda kamfanin Acorn ya fara fitarwa a Kambirij ta Ingila a 1985, shi ke cikin kusan kowace Tecno da itel da ke kasuwar Suleja, ko da MediaTek ne ya ƙera masarrafin wannan, Unisoc ya ƙera na waccan. Magina daban, fasali ɗaya, shi ya sa manhaja ɗaya ke tafiya a kansu duka. Fasali dabam, gini dabam, kuma ɗalibin da ya raba su ya wuce wurin da da yawa ke maƙalewa.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, don sun sha faɗa mini. Jarrabawa da Turanci ake yi. Takardar bayanin kowane aisi da Turanci take. Ajin Suleja kuma ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Gbagyi da Koro da Nufawa da Yarabawa da Ibo. Duk gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na kiran a kori furosesa da rajista da bas. Yaron da ya je neman aiki a Abuja ya ce masarrafi ba wanda zai gane shi. Amma mu daina ɓoye abin da ke faruwa: in bayani ya cije, malami kan sauke murya ya koma Hausa, kuma yaran nan duka, ko wane yare ne nasu, suna jin ta tun daga kasuwa. Tunda dai za a yi, to a yi da kalmomin da aka auna, ba waɗanda suka faɗo baki a tsaye ba. Sunan aro don jarrabawa da kasuwa, sunan gida don a gane.

Wasu al'ummu da gangan suka zauna suka yi wannan aiki. A 1955 reshen IBM na Faransa ya nemi wani malamin harsuna, Jacques Perret, ya samo wa kwamfuta suna, ya ba su wanda ke nufin mai jera abubuwa bisa tsari, kuma shi 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke karantawa a makaranta har gobe. Larabawa daga hisabi suka ƙera nasu, tushen da ya ba mu lissafi. Mu ma mun yi a baya. A da jirgi na ruwa ne kawai, muka ɗora shi a kan dogo muka kuma ɗaga shi sama. Manhaja a da tsarin karatun makaranta ce, yau yaro ɗan shekara goma ya san ana sauke ta a waya. Akwai kuma kalmomin da ban ga dalilin taɓa su ba. Bit da bayit ƙirƙirarru ne ko a Turancin, na farko ya bayyana a rubutun Claude Shannon na 1948, na biyu Werner Buchholz ne ya ƙaga shi a IBM a 1956. Ba su ɗauke da wata tsohuwar ma'ana da za ta ruɗi kowa, a bar su yadda suke. Waɗanda ke buƙatar gyara su ne masu kama da 'yan gida alhali baƙi ne: rajista, bas, kash, da ƙwaƙwalwa a gaba da kowa.

Kayan aikin duk suna kusa. Akwai malaman lantarki a Kwalejin Fasaha ta Sulaimanu Barau a nan Suleja, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bida, da ta jiha a Zungeru, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna. Akwai masana harshe a Zariya da Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano, wadda cibiyarta ta nazarin harsuna ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Akwai masu gyara a bakin kasuwa, waɗanda su ne za su nuna ko kalma za ta zauna a baki ko ba za ta zauna ba. Kalmomin da darasin nan ke tsaye a kansu ba su da yawa, ɗan littafin da zai shiga aljihun riga ya ishe su. Ina roƙon malamai 'yan uwana, kowa ya fara rubuta kalmar da ya gwada a aji ta yi aiki da wadda ta ƙi, mu haɗa su wuri ɗaya. Kafin nan kuma, duk wanda zai shiga aji gobe ya gabatar da furosesa, don Allah ya bar ƙwaƙwalwa a waje, ya fara da mai inji da robar masara.